Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Ya'yanmu Likitoci Da Masu Binciken Lafiya: Ku Duba Ma'aunin Da Za A Auna Jinyar Mashaya Da Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Ya'yana da ƙannena, 'ya'yan Hausawan ƙasar nan ta Sudan da Allah Ya hore wa ilimin likitanci, da haɗa magunguna, da lissafin kuɗin lafiya, na Gadarif da Kasala da Sinnar da Madani da Damazin da Bur Sudan, har da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Masar da Saudiyya, ina gaishe ku da aiki. Da Hausa na rubuto muku, domin ina son iyayenku da limamanku su ma su ji abin da nake roƙonku.

Maganar giya ce. Na san ba magana ce da ake son tayarwa a bainar jama'a ba, musamman a cikinmu da aka sani da almajiranci da riƙon addini tun zuwan kakanninmu. Amma duk wanda ya yi aikin asibiti a garuruwan nan, kamar yadda na yi har na ajiye, ya san aragi da marisa, giyoyin da ake haɗawa a gida, suna nan. Ya ga ƙadangaren gona, wato ɗan ƙodagon da ke bin kaka, da ya gama yankan riɗi ya karɓi kuɗinsa, bai kai gida da ko rabinsu ba. Ya ga saurayin da aka kawo yana karkarwa yana ganin abin da babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kusan mutum miliyan 400 ke fama da matsalar shanta. Namu kason ƙarami ne in aka gwada da ƙasashen da ake sha a fili, amma yana nan, a ɓoye, kuma ɓoyon ne ke ƙara masa muni.

Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke asibitocinmu suke rushewa. Yanzu da ake maganar sake gini, kuɗi kaɗan ne, buƙatu kuwa sun fi ƙarfin ƙidaya: kwalara, zazzaɓin cizon sauro, dengi, kala'azar da ta daɗe da zama a nan Gadarif, wankin ƙoda, mata masu haihuwa, yara masu tamowa. Dole a jera su, a ce wannan shi ne gaba, wannan ya jira. Masu ba da tallafi daga waje da ma'aikatun lafiya ba da baki suke wannan jerin ba, da lissafi suke yinsa: nawa aka kashe, me aka samu. Wasunku za su zauna a kwamitocin da za su yi wannan lissafin, wasunku za su rubuta binciken da za a dogara da shi. Ban zo in ce ku ɗora jinyar mashayi a kan jinyar yaro mai kwalara ba. Roƙona shi ne, ranar da layi ya zo kan mashayi, kada a auna shi da ma'aunin da ba ya ganin ciwonsa, sannan a ce jinyarsa ba ta biyan kuɗinta.

Bari in yi wa iyayenku bayanin ma'aunin, ku kun riga kun san shi. Masana tattalin arzikin lafiya suna da abin da suke kira QALY, wato shekara guda ta rayuwa cikin cikakkiyar lafiya. Cikakkiyar lafiya maki 1 ce, mutuwa 0, sauran halaye suna tsakani. A misali, idan mutum yana kan 0.7, magani ya ɗaga shi zuwa 0.8 har tsawon shekara, an samu kashi ɗaya cikin goma na shekarar lafiya. Sai a raba kuɗin da aka kashe da abin da aka samu. A Ingila hukumar NICE, mai tantance magungunan da gwamnati za ta biya wa majinyata, ta yi shekaru da dama tana ɗaukar fam 20,000 zuwa 30,000 a matsayin abin da ya dace a biya don shekarar lafiya guda. Maganin da ya wuce haka sai da hujja mai ƙarfi. Dabarar tana da kyau, domin tana ba da damar a gwada aikin ido da maganin hawan jini a kan sikeli ɗaya. Ban raina ta ba, kuma ina ganin ta fi rabon kuɗi bisa sanayya ko bisa wanda ya fi ɗaga murya.

Damuwata tana wajen da makin yake fitowa. Takardar da aka fi amfani da ita, EQ-5D, wadda wata ƙungiyar masu bincike ta Turai ta fitar a 1990, abu biyar take tambaya: kana iya tafiya? Kana iya wanka da sa tufafi da kanka? Kana iya ayyukanka na yau da kullum? Kana jin zafi ko ciwo? Kana cikin fargaba ko baƙin ciki? Daga nan sai a ce mutum ya nuna inda lafiyarsa take a yau tsakanin 0 da 100. Ga mai karaya ko mai shanyewar ɓarin jiki, waɗannan tambayoyin sun kama ciwon. To ku kai su gaban mashayi ɗan shekara talatin da ɗoriya wanda hantarsa ba ta riga ta gaza ba.

Na san wani magidanci mai tuƙa raksha, ba zan faɗi unguwarsa ba. Da za ku miƙa masa wannan takarda da hantsi, gaskiya zai faɗa muku, kuma gaskiyar za ta nuna shi kusan lafiyayye. Yana tafiya da ƙafarsa. Yana wanka. Yana fita da rakshar. Ba ya jin ciwo. Damuwa kuwa, zai ce akwai 'yar kaɗan, wa ya rasa ta a wannan zamani? A wannan lokacin matarsa ta sayar da 'yan kunnenta ta biya mai rakshar kuɗin da ya ci, ta fara sayar da shayi a bakin kasuwa, an cire babbar 'yarsu daga makaranta don ta riƙe ƙannenta. Yaran suna gane yanayin dare daga yadda ya turo ƙofa. 'Yan'uwansa sun daina kiransa shawara, ko ɗaurin auren ƙanwarsa daga bakin maƙwabta ya ji rana. Allah Ya taimake shi ya daina, bayan jinya da tsayawar wani kawunsa a kansa. Yarinyar ta koma aji, cefane ya dawo, an sake ba shi wuri a tabarmar dattawan gidansu. In kun sake miƙa masa takardar, amsoshinsa kusan ɗaya ne da na farko. Mai lissafi zai duba ya ga an kashe kuɗi, maki bai motsa ba sai ɗan ƙiris, sai ya rubuta cewa wannan jinya tsada gare ta. Bai yi ƙarya ba, abin da takardar ta ba shi ke nan. Masu bincike a ƙasashen da aka ƙirƙiro takardar su ma sun daɗe suna tambayar ko tana iya gano sauyi a wajen masu matsalar shaye-shaye, domin da yawansu tun farko suna kusa da ƙololuwar makin, babu inda za su ƙara hawa.

Mu kuwa ba sai mun jira wani ya gaya mana inda ɓarnar giya take sauka ba. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 91, Allah Ya ambaci abin da Shaiɗan yake nema da giya da caca: ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, ya kange su daga ambaton Allah da salla. Ku duba, zumunci ne da ibada. Babu ɗayansu a cikin tambayoyi biyar ɗin nan. Mutumin da ya koma sahun asuba bayan ya daɗe yana jin kunyar shiga masallaci, shi a wajensa wannan ce babbar warakar da ya samu, kuma duk ma'aunin ingancin rayuwa da bai san da ita ba, ba rayuwarsa yake aunawa ba.

Saboda haka nake roƙonku, in dai dole ne a yi amfani da EQ-5D don a iya gwada mu da sauran cututtuka, to a yi, amma kada ta tafi ita kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tata takardar, WHOQOL-BREF, mai tambaya 26, wadda ban da lafiyar jiki da ta zuciya take tambayar zaman mutum da jama'a da yanayin muhallinsa, har da ko kuɗinsa na isarsa. Akwai ta da Larabci, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: tun 2005 aka buga binciken da aka yi da ita a kan masu taɓin hankali a Sudan da 'yan'uwan da ke jinyarsu. Akwai kuma wata da aka tsara a Ingila, ICECAP-A, wadda ke tambayar ko mutum yana da kwanciyar hankali, yana da masu ƙaunarsa, yana iya tsayawa da ƙafarsa, yana ganin ci gaba, yana jin daɗin rayuwa. Na san WHOQOL-BREF ba ta ba da makin da za a zuba kai tsaye cikin lissafin shekarar lafiya. Ku ajiye sakamakonta a gefen lissafin, a shafi ɗaya, yadda mai yanke hukunci ba zai ga ɗaya bai ga ɗayan ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne matar gida. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A mafi yawan irin wannan lissafi majinyaci kaɗai ake aunawa, alhali a ciwon giya rabin masu ciwon ba su taɓa kurɓa ba. Matar da ba ta barci, wadda hawan jini ya kama da ƙuruciyarta, wadda ke ɓoye tabo da mayafi, lafiyarta lafiya ce, kuma in mijin ya daina ita ma makinta zai tashi. Haka uwar da ta tsufa tana biyan bashin ɗanta. Haka yara. Ku ba su takardar su ma, kafin jinya da bayanta, ku haɗa abin da suka samu cikin ribar jinyar. Amma a yi da hankali. Mace ce za ta tambayi mace, a keɓe, ba a gaban miji ko uwar miji ba, kuma sai da yardarta. In ta faɗi abin da ya nuna tana cikin haɗari, mai tambayar ta san inda za ta kai ta. Ba daidai ba ne a buɗe wa mace ciwonta don a cika takarda, a tashi a bar ta da shi.

Harshen tambayar ma abin dubawa ne. Samarinmu sun iya Larabci, amma tsohuwa a Mai Wurno ko a ƙauyukan bakin Kogin Nilu Shuɗi, in ana son ta faɗi abin da ke zuciyarta, da Hausa za ta faɗe shi. Kada a bar wa kowane ma'aikaci ya juya tambayoyin yadda ya ga dama a bakin gado. A zauna a shirya su da Hausar da ake yi a nan, a gwada su a kan mutane, a tabbatar kowa abu ɗaya yake fahimta.

Akwai wani gefen da ba kowa ke lura da shi ba. Amsoshin takardar ba su ne makin ba. Makin yana fitowa ne daga wani jadawali da ake haɗawa ta hanyar tambayar jama'ar ƙasa yadda suke kimanta kowane hali na rashin lafiya. Akan ce wa mutum: shekara 10 cikin wannan hali, ko shekaru ƙasa da haka cikin ƙoshin lafiya, wanne ka zaɓa? Habasha ta fitar da nata jadawalin a 2020, Masar ta biyo baya. In aka ɗauko na Ingila aka ɗora mana, to ra'ayin mutanen Ingila ne ke yanke wa majinyacin Gadarif hukunci. Na fi son a ari na maƙwabtanmu kafin mu yi namu, kuma a faɗa a fili cewa aro ne. Ranar da za ku yi namu kuwa, ku shirya wa wannan: dattijonmu zai ce muku ajali na Allah ne, shi ba ya cinikin kwanansa. In kun rubuta wannan amsar a matsayin cewa ciwon bai dame shi ba, kun ɓata jadawalin tun daga tushe. Sai an sami mai tambaya da ya san mutanensa, ya iya bayyana cewa kwatance ne kawai.

Ɓangaren kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, kun fi ni saninsa. Jinyar kanta ba ta da tsada ainun: kwanakin farko na cire giya daga jiki da diazepam a ƙarƙashin kulawa, allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, sannan zaman nasiha da bibiya, da magunguna irin naltrexone in an samu. Abin da nake so kada a manta shi ne kuɗin da rashin jinyar ke ci. Gadon da mai kumburin ciki zai riƙe, a ƙasar da ciwon hanta nau'in B da bilharziya suka riga suka raunana hantar mutane da yawa, musamman a Jazira. Tarin fuka, wanda shan giya yana cikin manyan abubuwan da ke jawo shi, kuma mashayi ya fi kowa yanke magani a tsakiya. Haɗarin hanya. Makantar da gurɓatacciyar giya mai sinadarin methanol ke jawowa. Zaman kotu da na kurkuku. Kwanakin aikin da suka salwanta a lokacin girbi. A Biritaniya, wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2005 ya gano cewa jinyar ta rage kashe kuɗi a asibitoci da ofisoshin jin daɗin jama'a da harkar shari'a da kusan ninki biyar na abin da aka kashe mata. Ba zan ce lallai haka zai fito a nan ba, tsarinmu daban ne. Amma ya nuna cewa in aka tsaya a kan aljihun asibiti kaɗai, babban ɓangaren ribar ba zai bayyana ba. A wajenmu ma aljihun da ya fi jin jiki shi ne na iyali, don haka a ƙirga akuyar da aka sayar da kuɗin mota zuwa asibiti.

Sai lokacin awo. Wanda ya daina sha, makonnin farko sukan fi masa wuya fiye da lokacin da yake sha: ba barci, ga ƙunci, ga kunyar abin da ya aikata tana dawo masa. In a ranar sallama kuka auna shi, za ku ga kamar jinyar ta ƙara masa ciwo. In kuma bayan wata ɗaya kuka tsaya, ba ku ga komai ba tukuna. A bi shi shekara guda aƙalla, yadda awon zai ratsa kakar riɗi, lokacin da kuɗi ke shigowa hannu kuma jarrabawar gaske take zuwa. Na san bibiya tana da wuya yanzu. Tun da Madani ta faɗi a Disamba 2023 mutane suke ta ƙaura, lambobin waya suna canzawa, ƙadangarun gona kuma dama ba su zama wuri ɗaya. Duk da haka kada a share sunan wanda ya ɓace kamar bai taɓa zuwa ba, domin sau da yawa shi ne wanda ya koma ruwa. A faɗi adadinsu. Haka kuma wanda ya zame ya sake tashi, kada a rubuta shi a matsayin asara. Burinmu a matsayin Musulmi shi ne ya bari gaba ɗaya, ba na sassauta wannan. Amma mutumin da da yake sha kullum, yanzu ya yi watanni bai taɓa ba sai zamewa ɗaya, gidansa ya ga bambanci, ya kamata lissafi ma ya gani.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai mutane sun yarda su faɗi gaskiya, kuma a nan doka ta shigo. Tun Satumba 1983 da Shugaba Numairi ya haramta giya, da dokar laifuka ta 1991 da ta tanadi bulala 40 ga Musulmin da ya sha, mutum ya san abin da furucinsa zai iya jawo masa. Gyaran da aka yi a 2020 waɗanda ba Musulmi ba ya shafa. Ni ba gardamar doka na zo yi ba. Abin da na sani shi ne, mai tsoron a kai sunansa wani wuri ba zai amsa ko tambaya goma na AUDIT, takardar da ake gano yawan shan mutum da ita, da gaskiya ba, balle ya bar matarsa ta yi magana. Ku tsare sirrin nan kamar yadda kuka yi rantsuwa. Lamba a maimakon suna, takardu a kulle, kuma kada a buga sakamako da sunan unguwa ko ƙabila. Mun ga abin da ya faru da mutanenmu a rikicin ƙabilanci na jihar Nilu Shuɗi a 2022, mun san yadda magana kan zama makami. Ba ma son binciken da aka yi don taimako ya koma abin gori a kan Hausawa ko a kan wasu.

Za ku haɗu da mai cewa, a cikin kwamiti ko a cikin gida, ai shi ya jawo wa kansa, don me za a kashe masa kuɗin jama'a? Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka, musamman daga bakin wanda ya rasa ɗa saboda rashin ruwan ƙarin jiki. Amma ya tabbata a hadisi cewa an sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya ce kada a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Kuma ko da an ƙi tausaya masa shi, 'yarsa da aka cire daga makaranta ba ta jawo wa kanta komai ba.

Kada kuma ku auna asibiti kaɗai. Yawancin mutanenmu kafin su zo wajenku sun fara zuwa wajen malam ko masidin wani shehi, wato zawiyarsa. Dakta Tijani al-Mahi, wanda babban asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, da Dakta Taha Ba'ashar bayansa, ba su raina waɗannan wurare ba, sun nemi aiki tare da shehunan. Ku bi sawunsu. Ku gwada jinyar da aka haɗa da limami da dangi da wadda aka yi a asibiti kaɗai, da ma'auni ɗaya, a ga wadda ta fi riƙe mutum. Ku kuma gaya wa malamai a fili cewa wanda jikinsa ya saba da giya sosai, yanke ta farat ɗaya ba tare da magani ba yana iya jawo farfaɗiya da ruɗewa a kwana biyu zuwa uku na farko, har ya kai ga rasa rai. Wannan matakin na likita ne. Bayansa kuwa, babu wanda ya kai malam da kawu da aboki nagari amfani.

In sakamakon ya fito da kyau, da shi za ku iya tunkarar asusun inshorar lafiya na ƙasa da Diwanin Zakka ku nemi a sa wannan jinya cikin abin da suke ɗauka wa talaka. In kuma an auna da adalci aka ga wata hanyar ba ta biyan kuɗinta, ku faɗa, a bar ta a nemi wata. Mu dattawan da muka yi aikin nan a baya muna nan. Mun san limaman da za su saurare ku, mun san ungozomomin da mata ke yarda da su, kuma a shirye muke mu zauna da ku a gwada tambayoyin da Hausa kafin a kai su gidan kowa. Ku fara da gari ɗaya, Gadarif ko Sinnar, ku neme mu.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam,
Babanku, tsohon ma'aikacin lafiya,
Gadarif.